Garkuwar Baya da Ƙaryar Kwana Biyar

Har yanzu da nake rubuta muku wannan haushi bai sake ni ba. Idan kun ga harshena ya yi kaushi yau, ku yi mini uzuri. Masu zuwa ƙarƙashin rubutuna suna cewa "ki yi haƙuri 'yar'uwa, namiji sai da lallashi," ku daure ku karanta har ƙarshe, sannan ku nuna mini kasuwar da ake sayar da haƙurin in je in sayo.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana. Ina aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti, wato mu ne masu koya wa mutum zama da tsayuwa da tafiya bayan jikinsa ya manta. Mu uku ne a gida, ni da Umma da Yaya. Yaya shekararsa biyu da wata huɗu a keken guragu. Babur ne. Wata mota ta goge shi a shataletale, ya faɗi da baya a kan dakalin titi, lakarsa ta taɓu. Da hular kwano a kansa, ko ƙwarzane bai yi a fuska ba, amma daga ƙugu zuwa ƙasa shi ke nan.

To sai zuciyata, don tsabar rashin kunya irin tata, ta rasa wanda za ta so duk faɗin garin nan sai mai babur.

Injiniya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Likita, duk da na gaya masa ya fi sau ɗari ni ba likita ba ce. Aikinsa haɗa sola: famfunan ruwa, firjin allurai na ƙananan asibitocin ƙauye, fitilun makarantu. Wuraren da yake zuwa mota ba ta shiga, babur ɗin ma wani wurin sai an sauka an tura. Dogo ne, mai wushirya, ga baki kamar rediyo. Idan ya fara ba'a, ko mai takaba sai ta dara.

Ranar da na fara yi wa Umma zancensa, tana shafa wa Yaya mai a ƙafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Me yake hawa?"

Na sunkuyar da kai.

"Da ke nake, Auta."

"Babur, Umma."

Ta rufe kwalbar man, ta goge hannu a gefen zaninta, ta ce, "Na yi jinyar baya ɗaya. Ba zan yi ta biyu ba, ke ma ba za ki yi ba."

Wata bakwai ina binta. Na yi kuka, na yi lallashi, na yi shiru-shirun da har sai da ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Sai makon jiya, muna ninke zannuwan gadon Yaya, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"In gan shi da idona a ɗaure tun daga wuya har ƙugu. Ba hular kwano kaɗai ba, mun ga iyakar hular kwano a gidan nan. In na gani, manyansa su zo mu ji da me suka zo."

Wallahi saura kaɗan in yi tsalle da zanin gado a hannu. Kwana uku ban da aiki sai bincike a waya. Duk mai babur da ya shigo sashenmu da sanda sai na tsare shi da tambaya. A nan na ji cewa su "kunkuru" suke ce wa abin, saboda ƙoƙon da yake yi wa mutum a baya, masu shago kuma su ce garkuwar baya. Wani ya kwatanta mini shagon wani tsoho a bayan tashar mota, ya ce duk garin babu wanda ya kai shi sanin kayan.

Na tura wa Injiniya saƙo: "Laraba ƙarfe huɗu, shagon kayan babur na bayan tasha. Kar ka makara."

Ya amsa: "An gama, Likita. Amma fa kar ki mai da ni kunkuru a gaban abokaina." Da fuskar dariya har uku.

Na rubuta: "Kunkuru yana tafiya da ƙafafunsa."

Ya turo zuciya ja. Ni kuma sakarya na kwanta ina murmushi.

Ran Laraba daga aiki na wuce. Doguwar riga ruwan toka ce a jikina mai aljihu biyu, da baƙin mayafi, da farin takalmin asibiti da ban samu canzawa ba. Har tef ɗin awo na jefa a jaka. Shagon ƙarami ne, dogo, yana warin roba da man inji. Hulunan kwano jere a bango kamar kawunan mutane, safar hannu rataye a igiya, fanka ɗaya tana ƙara kamar za ta faɗo. A tsakiyar shagon akwai wani tsohon babur marar taya, an ɗaure shi da ƙasa da manyan notuna. Mai shagon tsoho ne mai furfura, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, kana ganinsa ka san shi ma ya sha ƙasa a zamaninsa.

Huɗu da kwata sai ga Injiniya ya sauko daga motar haya.

"Ina babur ɗin?"

"Yana wajen gyara. Sarƙa ce ta saki."

Ya sa riga mai faɗi ruwan ƙasa wadda ban taɓa ganinsa da ita ba. Baba mai shago ya tura masa kujera, ya ce a'a, ya gaji da zama. Ni da nake wuni ina kallon tafiyar mutane, na ga yana takawa a miƙe kamar wanda ya haɗiyi sanda, amma farin ciki ya rufe mini ido. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

Baba ya zaro abubuwa uku ya shimfiɗa a kan tebur.

"'Yata, ga su nan. Wannan soso ne kawai, shi ake samu a aljihun bayan jaket idan an saya. Sunansa kariya, amma ni ko kujerar salla ba zan yi da shi ba. Wannan na biyun roba ce mai laushi, in aka doke ta sai ta ƙame ta shanye dukan. Ita ma cikin jaket ake zura ta, to in jaket ɗin ya yi wa mutum yawa, yana faɗuwa za ta zame gefe ta bar ƙashin a fili. Wannan na ukun shi ne kunkurun. Yana da maɗaurin kafaɗa, yana da na ƙugu, inda ka ɗaure shi nan za ka same shi."

Ya juya shi ya nuna mini tambarin gwaji a ciki. "Ki duba lambar nan. Akwai mataki na ɗaya, akwai na biyu. Na biyu ya fi tare duka, sai dai ya fi kauri, ya fi zafi. Kuma in gaya miki gaskiya, ba ya hana kowane irin rauni. In jiki ya murɗe, ya murɗe. Amma in bayanka ne ya sauka a kan dutse ko dakali, a nan za ka san ka sayi abu."

Da ya ce dakali sai Yaya ya faɗo mini a rai.

Kafin in buɗe baki Injiniya ya ɗauki soson, ya lanƙwasa shi biyu yana dariya. "Baba, a ba ni wannan. Ba nauyi, ba zafi, babu wanda zai san na sa."

"Ajiye shi," na ce.

"Likita, kin san zafin hanyar da nake bi kuwa? Wancan in na sa, kafin in isa na dahu. Kuma Umma cewa ta yi ta gan ni a ɗaure, ai ba ta ce sai ta ƙwanƙwasa ta ji ba."

Jama'a, kun ji fa. Wai ba ta ce sai ta ƙwanƙwasa ba. Wato duk wata bakwai ɗin nan a wurinsa wasan kwaikwayo muke shiryawa don a rufe bakin tsohuwa.

"Don Umma kake ganin na zo nan?"

"A'a, ba haka nake..."

"Baba, a ba mu na ukun. Mataki na biyu."

Baba ya yi murmushi ya karɓi tef ɗin daga hannuna. "Ba a sayen wannan da ido, samari. Juya in auna. Daga gindin wuya zai fara, ya sauka har ƙashin mazaunai. In ya yi tsawo zai riƙa ture maka hula ta baya, in ya yi gajere ƙugunka na waje." Ya auna, ya canza wani, ya rataya masa a kafaɗa. "Yanzu hau babur ɗin can ka kama kai kamar kana tuƙi. A tsaye kowane kaya daidai yake, a zaune ake gane gaskiya."

Injiniya ya tsaya yana kallon babur ɗin.

"Ai ya yi, Baba. Na ji ya zauna."

"Hau mana," na ce.

Ya ɗaga ƙafa a hankali kamar tsoho ɗan tamanin. Ya zauna. Ya miƙa hannu zai kama kan babur ɗin, na ga zufa ta karyo masa a goshi. Baba ya zagaya bayansa, ya kama maɗaurin ƙugun ya ja da ƙarfi yadda ake ja.

Ihun da ya yi, sai da mai shayin ƙofar tasha ya leƙo.

Baba ya saki maɗaurin da sauri. Bai tambayi kowa ba ya cire garkuwar, ya ɗage rigar nan mai faɗi. Na so in kau da kai, amma idon aiki ya riga ni. Tun daga tsakiyar bayansa har ƙugu jini ya kwanta, baƙi da shuɗi da ɗorawa a gefe-gefe, faɗinsa ya kai faranti. A tsakiya, daidai kan ƙashin, ga kumburi. Sai warin man zafi ya bugi hancina, wanda tun shigowarsa nake ji ina ɗauka na shagon ne.

"Yaushe?" Muryata ko ni ban gane ta ba.

"Likita, ba wani abu ba ne, ɗan..."

"Na ce yaushe?"

"Juma'a."

Kwana biyar. Kwana biyar yana turo mini zuciya ja.

Ya fara kame-kame. Wai yana dawowa daga wani ƙauye, motar yashi ta matse shi, ya sauka gefen hanya, tayar gaba ta nutse, ya wuntsila ya faɗi da baya a kan akwatin kayan aikinsa. Wai ya tashi da kansa. Wai har ya tuƙa babur ɗin zuwa gida.

"Ka je asibiti?"

Ya sosa ƙeya.

"Hoto fa? An ɗauki hoton ƙashin?"

"Ai ina tafiya da ƙafata. Na shafa mai, yana sauƙi."

"Wa ya sani?"

Ya kau da kai.

"Wa ya sani, Injiniya?"

Ya dubi Baba kamar zai cece shi, Baba ya juya yana gyara safar hannun da ba ta karkace ba.

"Yaya ne kawai. Shi ya ce kar in gaya miki tukuna."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Yaya. Yayana da nake juyawa a gado. Yayana da na koya wa yadda zai tashi daga keke ya hau katifa.

Na danne, don aiki ya fi fushi gaggawa. Na ce, "Sauko a hankali. Yanzun nan za mu tafi asibiti."

"Gobe da yamma zan je, na yi miki alkawari. Da safe akwai famfon da zan haɗa, mutane sun yi wata guda suna jira, matan garin tafiyar awa biyu suke yi ɗiban ruwa. Babur ɗin ma an gama gyara shi."

"Babur za ka hau gobe? Da wannan bayan?"

"Ba ga kunkuru kin saya mini ba?" Har da ɗan murmushinsa.

Baba ya ce, "Samari, ba a ɗaura wannan a kan rauni. Ka bi yarinyar nan."

Ni kuwa na wanke shi tas. Ban san me da me na faɗa ba. Na san na ce masa maƙaryaci. Na ce kullum sai na ga irinsa an turo su a gado, kowannensu da "ai ina tafiya da ƙafata" ya fara. Na ce akwai wanda ya yi kwana shida yana yawo da tsagaggen ƙashi, ya sunkuya ɗaukar bokiti, bai ƙara tsayuwa ba. Mutane suka fara taruwa a ƙofar shago. Shi kuma da ya ga idon jama'a, sai borin kunya ya tashi. Ya sha mur, ya ce:

"Don Allah ya isa haka. Ni ba marar lafiyarki ba ne. Ki daina kallon kowa kamar Yayanki, ba kowa ne zai ƙare a keke ba."



Na ga a fuskarsa ya so ya mai da maganar ciki, amma ta riga ta fita. Na biya Baba kuɗin garkuwar, na rungume ta a ƙirji kamar jariri, na fice. Ina jinsa yana "Likita! Likita!" ban waiga ba. Na san bai kamata in bar shi a tsaye a wurin ba. Ni na fi kowa sani. Amma a lokacin da na ƙara minti ɗaya, da abin da zan faɗa ya fi nasa muni.

Kafin in isa gida kira tara ya yi. Saƙo kuwa: "Ki yafe mini." "Bakina ne." "Ki ɗauka mana." Na kife wayar a jaka.

Ɗakin Yaya ne na farko in ka shigo gidanmu, don shi aka fasa dakalin ƙofa aka yi gangara. Yana gaban teburinsa na gyaran waya, fitila a kunne, tabarau a hanci, ƙananan notuna a murfin kwalba. Na jefa garkuwar a kan gadonsa.

Ya dube ta, ya dube ni, ya cire tabarau. "Kin ji ke nan."

"Kai, Yaya? Duk duniya a rasa wanda zai ɓoye ciwon baya sai kai?"

"Rufe ƙofa, Auta."

"Ba zan rufe ba!"

Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Na ce masa ya je asibiti. Ya rantse mini zai je."

"Ka bi ka ji ko ya je?"

Ya mai da idonsa kan notunan teburin.

"Ka san da na sani tun Juma'a da tuni an ɗauki hoto? Ka san kowace rana da ya yi yana yawo caca yake da ƙafafunsa? Kai da aka ɗauke ka daga titi kamar buhu aka jefa a bayan mota, har yau likitoci suna cewa da an bar ka a kwance..."

"Na sani!" Ya daki hannun kekensa. "Kina ganin akwai ranar da ba na tunawa?" Ya numfasa, muryarsa ta sauka. "Ranar da yaron nan ya faɗi, washegarin da Umma ta sauko ne. Da ta ji, an gama, ke ma kin sani. Fiye da shekara ban ji dariyarki a gidan nan ba sai da yaron nan ya zo. Nawa auren keken nan ya cinye shi, kina gani aka dawo mini da kayana. Na ce ba zan zauna ina kallo naki ma ya bi ta kaina ba. Na yi kuskure. Amma ba don ba na sonki ba ne."

Ku kuna tsammani zan rungume shi in yi kuka ko? Na so. Amma haushin bai bar ni ba.

"Ka zaɓa mini aure a kan ƙafafunsa, Yaya. Wa ya ce maka haka nake so?"

Sai na ji ƙarar roba ta taɓa ƙasa a bayana. Umma ce a bakin ƙofa, ta ajiye robar ruwan ɗumin da take gasa wa Yaya ƙafa da shi. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Fuskarta babu komai, kuma duk wanda ya san Umma ya san wannan ya fi faɗa muni.

"Ya faɗi ke nan," ta ce.



A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a jaka. Ba kira ba ne, saƙon murya ne. Na so in share, sai na ga daƙiƙa bakwai ne kacal. Injiniya bai taɓa yin magana ta daƙiƙa bakwai ba a rayuwarsa. Na danna, muryar ta fito kowa yana ji, babu wasa a cikinta ko kaɗan:

"Likita... na sunkuya zan cire takalmi. Yatsun ƙafata ta hagu, ina taɓa su kamar ba nawa ba."

Na kira shi nan take. "Kana ina? Kwanta a ƙasa, a miƙe, ba matashi. Kar ka juya. Kar ka bari kowa ya ɗaga ka, ko waye. In ka motsa, wallahi ni da kai har abada." Na kashe na kira direban motar asibitinmu, na ce ya taho da allon ɗaukar masu ciwon baya da mutum uku.

Na juya zan fita, Umma na tsaye a ƙofa.

"Ina za ki?"

"Umma..."

Yaya ya turo kekensa har gabanta. "Umma, ki bar ta ta je. Ni ban samu wanda ya san abin yi ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matsa gefe, ta ɗauki robarta.

Ba zan ja ku da yadda muka ɗauko shi ba. Na same shi a ɗakinsa kwance a kan siminti, takalmi ɗaya a ƙafa, hawaye na gangara masa cikin kunne. Ya buɗe baki zai ba ni haƙuri na ce ya rufe, numfashinsa ma ba na son ji. Ni na riƙe kansa muka mirgina shi kan allon.

Washegari da safe Dakta ya kira ni ofis, ya ɗora hoton a gaban fitila. Ƙashi ɗaya ne ya tsage, kumburin ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Lakar ba ta taɓu ba. Ya ce kwanciya a miƙe, sannan rigar ɗaurin baya ta asibiti wata biyu, kuma yana sa ran yatsun za su dawo. Ya tambaye ni da gaske ne yau ya yi niyyar hawa babur zuwa ƙauye, na ce e. Ya cire tabarau ya girgiza kai kawai.

Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun jiya, na wanke fuska, na koma ɗakin a murtuke. Yana ganina ya ce, "Likita, babban yatsan ya ɗan motsa." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, kamar yadda nake ce wa kowane gado.

Ƙarfe goma aka turo ƙofa. Umma ce, da baƙar abayarta ta zuwa unguwa da fulas ɗin shayi a hannu. Injiniya ya yunƙura zai gaishe ta, ta ce, "Kar ka soma." Ta ajiye fulas, ta dubi yadda aka kwantar da shi, ta ja tsaki. Ta naɗe tawul ta tura ƙarƙashin gwiwoyinsa, ta gyara zanin gadon da ya tattare a bayansa ba tare da ta motsa shi ba, ta ɗaga dugadugansa ta duba. Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin ta tsaya tana kallo baki buɗe. Shekara biyu da wata huɗu ne suka koya wa hannayen nan.

Sannan ta ja kujera ta zauna.

"Sannu, ɗana. Allah ya rufa asiri."

"Amin, Umma. Ki yafe mini."

"Na yafe. Ba faɗa na zo yi ba." Ta gyara mayafinta. "Na ce in gan ka a ɗaure, ga shi na gani. Yanzu maganar ta canza. In ka tashi, ka sayar da babur ɗin nan, ka nemi aikin cikin gari. Ranar da ka sayar, manyanka su zo, ko sisi ba na nema, in ba ka ita. In kuwa ba za ka iya ba, ka faɗa mini yanzu a gabanta, kowa ya san inda ya tsaya."

Na dube shi. A raina ina cewa: ka ce to. Ko ƙarya ce, ka ce to, ai ka iya.

Ya daɗe yana kallon silin. Ya lashi leɓe.

"Umma, na yi ƙarya sau ɗaya, kin ga inda ta kawo ni. Ba zan ƙara ba. Garuruwa goma sha ɗaya ne, ni kaɗai nake zuwa, kuma in ba da babur ba babu mai isa. Zan sa duk abin da aka ce in sa, zafi ko ba zafi. Amma ba zan sayar ba."

Wai sai yanzu ya ga damar faɗin gaskiya. Yanzu!

Umma ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da take jira ke nan. Ta miƙe, ta zuba masa shayin a kofi, ta sa tsinken zuƙa a ciki yadda zai sha a kwance, ta ajiye kusa da hannunsa. Ta taka zuwa ƙofa, ta buɗe ta, ta riƙe.

"Auta, taso mu tafi."

Shi bai ce kar in tafi ba. Ya dai juyo da idanunsa wajena, tunda su kaɗai aka yarda ya juya.

Taku uku ne tsakanina da gadon, taku uku tsakanina da ƙofar. Ina tsaye a tsakiya da farin takalmina na asibiti, ina jin haushinsa, ina jin haushin Yaya, ina jin haushin Umma da ta yi gaskiya, kuma Umma ba ta saki ƙofar ba.